Birnin Tudu da Hanyarsa: Katsina da Maraɗi ta Fuskar Mazanya

Mazanya ƙaramin gari ne a ƙasar Jibiya, can arewa maso yammacin Jihar Katsina, kusa da Magama inda shingen iyaka yake. Wanda ya tsallake shingen ya miƙa arewa zai riski Ɗan Isa a cikin Jumhuriyar Nijar, daga nan kuma sai Maraɗi. Wanda ya juya ya fuskanci gabas, kafin awa guda a mota ya shiga Birnin Katsina. Tsakanin biranen nan biyu tafiyar kimanin kilomita 90 ce, Jibiya kuwa tana kusan tsakiya. Saboda haka mutumin wannan yanki, idan gona ta gaza ko kuwa zaman ƙauye ya ishe shi, birane biyu ne a gabansa, kowanne yana ta faɗaɗa, kowanne kuma yana da abin da yake bayarwa da abin da yake karɓa.

Bahaushe ya daɗe da yanke wa zaman birni hukunci iri biyu, kuma duka biyun suna nan a cikin harshensa. Idan ya ce wa mutum baƙauye, ya zage shi da rashin wayewa. Idan kuma ya ce masa ɗan birni, ba yabonsa ya yi ba, gargaɗi ya yi a kula da shi kada ya yi wa mutane wayo. Watau dai harshen da kansa ya yarda birni yana buɗe ido, ya kuma yarda cewa buɗaɗɗen ido ba kullum alheri yake hangowa ba. Amma wannan hukunci ne a kan halin mutane. Abin da wannan maƙala za ta duba shi ne halin biranen kansu, musamman irin waɗanda za a iya kira biranen tudu, watau waɗanda ba su da teku, ba su kuma da babban kogin da jirgi zai bi. Irin wannan birni hanya ce ke ciyar da shi. Daga hanyar nan amfanin zama cikinsa yake fitowa, daga gare ta kuma yawancin wahalarsa take tasowa, don kuwa ba safai mazauna birnin ke da iko a kanta ba.

Katsina a zamanin ayari

A ƙarni na 17 da na 18 Katsina ce babbar masaukar ayarin Sahara a ƙasar Hausa. Raƙuman da suka taso daga Tarabulus da Gadamus, suka ratso ta Gat da Azbin, a nan suke sauke kaya, a nan kuma suke haɗuwa da fataken yamma da masu zuwa Gwanja neman goro. Har yanzu sunayen waɗansu unguwannin birnin suna ba da labarin waɗanda suka kafa su: Albaba ta Larabawa ce, Gambarawa ana danganta ta da Wangarawa, Masanawa kuwa daga sunan Malam Ɗan Masani ta samo nata.

Me mutum ke samu idan ya zauna a irin wannan wuri? Abu na farko shi ne yana iya ci da sha ba tare da ya riƙe fartanya ba. Baduku da marini da maƙeri da dillali duk suna da masu sayen aikinsu rani da damina, ba sai ranar kasuwa kaɗai ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da ruwan sama ke yin wata huɗu ya ɗauke. Abu na biyu shi ne ilmi, wanda a biranen tudu kullum a bayan fatauci yake tafiya, domin raƙumin da ya ɗauko alharini shi ne ya ɗauko takarda da littafi. Shehu Magili ya bi ta Katsina a ƙarshen ƙarni na 15, kuma Suyuɗi daga Misira ya aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim wasiƙar nasiha. Daga baya birnin ya haifi nasa malamai, irin su Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani wanda ya rasu a shekara ta 1667, da kuma Muhammadu al-Katsinawi, masanin hisabi, wanda ya yi zamansa na ƙarshe a Alƙahira ya rasu can a 1741. Ɗan manomin da ya shigo birni yana almajiri, hanyar da za ta iya kai shi har Misira a buɗe take a gabansa, ko da kuwa kaɗan ne suka bi ta har ƙarshe. Abu na uku shi ne ganuwa, watau tsaro.

Amma ganuwar nan ba da kanta ta tashi ba. Talakawa ne ke fitowa gina ta da yaɓenta bayan kowace damina, kuma kowace sana'a tana da kuɗin da take biyan fada. Sa'an nan akwai waɗanda ba a tambayi ra'ayinsu ba kafin a kawo su. Wani kaso mai yawa na jama'ar da ta cika birnin bayi ne, waɗansu suna noma a rinji su ciyar da iyayengijinsu, waɗansu kuma birnin zango ne kawai gare su kafin a kora su cikin hamada. Duk wanda ke lissafin ni'imar Katsina ta wancan zamani bai sa waɗannan a ciki ba, to, rabin lissafi ya yi.

Abin da ya fi jan hankali shi ne yadda arzikin nan ya gushe. A shekara ta 1807 mutanen jihadi, a ƙarƙashin Malam Umarun Dallaji da 'yan'uwansa masu tuta, suka ci birnin bayan tsawon kewaye da yunwa. Sarakunan Haɓe suka fice zuwa Ɗankama, inda aka sake fatattakarsu, Sarki Magajin Halidu ya rasa ransa. Ɗan Kasawa ya ja ragowar jama'a zuwa Damagaram, daga baya ya dawo ya kafa mulki a Maraɗi wajen shekara ta 1819, a cikin kwarin gulbi mai duhun itatuwa. Bai kira kansa Sarkin Maraɗi ba, Sarkin Katsina ya kira kansa, kuma har yau da wannan suna ake kiran magadansa. Kaura da Galadima da Durɓi da 'Yanɗaka, duk sarautun da aka baro aka sake naɗa su a can. Aka wayi gari akwai Katsina biyu, kowacce tana cewa ita ce ta gaskiya.

To, hanyar Azbin zuwa Katsina ta Tasawa da Gazawa take bi, watau ta tsakiyar ƙasar da Maraɗawa suka mallaka. Fatake ba su da ruwa da wanda ke da gaskiya. Inda kayansu za su tsira nan suke bi. Sannu a hankali ayari ya karkata gabas, ya riƙa bi ta Damagaram ya sauka Kano. Lokacin da Bajamushen nan Dokta Barth ya taso daga Tasawa zuwa Katsina a farkon shekara ta 1851, ta cikin daji mai hatsari ya ratso, ya kuma ga kufan Ɗankama a hanya. Da ya iso ya ƙiyasta kewayen ganuwar zai kai mil 13 zuwa 14, amma mutanen da ke ciki ba su wuce 7,000 zuwa 8,000 ba, a wurin da ya zaci a dā zai ɗauki 100,000. Yawancin cikin birnin gonaki ne da kangaye. Kano kuwa a lissafinsa tana da mazauna kimanin 30,000, kuma sukan ninka a lokacin ciniki. Ba wanda ya hana Katsinawa cin kasuwa, ba a kuma rushe musu ganuwa ba. Hanya ce ta kauce, manyan attajirai suka bi ta, masu ƙananan sana'o'i suka bi attajirai.

A cikin wannan zamani ne ƙasar da Jibiya da Mazanya suke a yau ta zama fagen fama. Mahaya daga Maraɗi da Tsibirin Gobir suna kai hari kudu, na Katsina da Sakkwato suna ramawa. Ko bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi nasara aka kashe Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda da Sarkin Gobir Ali, abin bai kwanta ba. Ɗan Baskore ya zo daga baya ya matsa wa Katsina ƙwarai. Garuruwa da yawa suka tashi, daji ya rufe gonaki, kamar yadda Dokta Yusufu Bala Usman ya bayyana a littafinsa na tarihin Katsina na 1981. Manomin da ya tsira sai ya nemi gari mai ganuwa ya lafe. A nan ya kamata a rarrabe tsakanin cika iri biyu da birni ke yi. Akwai cikar da kwaɗayin samu ke jawowa, akwai wadda tsoro ke korowa. Mai ƙidaya ba ya bambanta su, kai kawai yake ƙirgawa, amma mazaunin birni yana jin bambancin a farashin mudu.

Iyaka, dogo da gyaɗa

Turawan Ingila suka shiga Katsina a 1903. Bayan ja-in-ja tsakaninsu da Faransawa, aka sake zana iyaka a yarjejeniyoyin 1904 da 1906, sa'an nan Manjo O'Shee da Kyaftin Tilho suka bi ƙasa suna kafa alamu daga 1906 zuwa 1908. Maraɗi ta faɗa hannun Faransa, Katsina da Jibiya a hannun Ingila. Da hare-hare suka ƙare, mutane suka yi ta fita daga garuruwa masu ganuwa suna saran daji suna kafa tungaye. Wannan fita kaɗai ta isa shaida cewa da yawa daga cikinsu ba son birni ya zaunar da su ba.

Sabon zamani ya zo da sabuwar hanya, ita ma kuma ta kauce wa Katsina. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Da aka ja reshe daga Zariya zuwa Kauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920, ta Funtuwa ya bi, can kudancin ƙasar Katsina, sai ga Funtuwa ta zama garin auduga da 'yan kasuwa. Birnin Katsina ya zauna da sarauta da En'e da makaranta. Lalle makarantar ba ƙarama ba ce: Kwalejin Katsina da aka buɗe a farkon shekarun 1920, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, ita ta yaye Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam. Amma ko ita a 1938 aka ɗauke ta aka kai Kaduna, inda dogo yake. A ƙidayar 1952 mutanen birnin kimanin 53,000 ne, na Kano kuwa sun haura 130,000.

Maraɗi ce ta ci moriyar wannan zamani, ta hanyar da ba wanda ya tsara. Ƙasarta mai rairayi ta karɓi gyaɗa, kuma tashar jirgi mafi kusa da ita a cikin Nijeriya take. Saboda haka gyaɗar ƙasar Faransa ta riƙa ratsa ƙasar Ingila kafin ta ga teku, kamfanonin Turawa suka kafa kantuna da ma'auna a Maraɗi, 'yan ƙasa suka zama masu saya musu a ƙauyuka. A shekara ta 1945 ambaliyar gulbi ta cinye tsohon garin da ke cikin kwari. Kwarin da ya ɓoye Ɗan Kasawa daga dawakin abokan gaba shi ne ya tara wa jikokinsa ruwa. Faransawa suka mayar da garin bisa tudu, suka yanka shi da tituna miƙaƙƙu masu faɗi, da kasuwa a tsakiya, fasalin da ya bambanta shi da lungunan Katsina har gobe. A 1953 kuma suka ƙirƙiro wani shiri da suka kira Hirondelle, watau tsattsewa, domin a riƙa ɗaukar gyaɗa a mota zuwa Paraku a ƙasar Dahome, daga can jirgin ƙasa ya kai ta Kwatano. Tafiyar ta fi ta Kano nisa, amma kuɗin yana zama a aljihun Faransa. Daga ranar nan Maraɗi ta zama birni mai hanya biyu zuwa teku, kowacce ta fi kilomita 1,000, kuma duka biyun ta cikin ƙasar wani suke bi.

Daga cikin masu sayen gyaɗar nan ne Alhazan Maraɗi suka fito, waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi guda a kansu a 1986. Gyaɗa ba ta daɗe ba. Farin da ya fara a 1968 ya yi tsanani a 1973 da 1974 ya karya ta, manoma suka koma gero don su ci. Amma kafin nan Alhazai sun gano wata sana'a. Yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 ya rikita hanyoyin kudu, bayansa kuma kuɗin man fetur ya cika hannun 'yan Nijeriya a daidai lokacin da gwamnatinsu ke hana shigo da kayayyaki iri-iri don kare masana'antun gida. Sai ya zamana ana sauke taba sigari da atamfa da shadda a Kwatano ko Lome, a kawo su Maraɗi bisa ƙa'ida, a biya gwamnatin Nijar hakkinta, sa'an nan da dare su tsallaka kudu ta hanyoyin da ba shinge. Man fetur da taki da kayan masana'antun Kano kuma su haura arewa. Abin da doka ke kira fasa-ƙwauri a wannan gefe, ciniki ne mai rasit a wancan. Mutanen Jibiya da Magama da Mazanya su ne suka san kowace burtali, saboda haka fito ya zama musu sana'a ta biyu bayan noma, ga waɗansu ma ta farko.

Ƙidayar Nijar ta nuna abin da wannan ya haifar. Maraɗi tana da mutum kimanin 45,000 a 1977, ta haura 110,000 a 1988, ta kai kimanin 148,000 a 2001, sa'an nan 267,000 a 2012. Yaron da ya zo cin rani yana dako a tasha yana iya zama yaron shago, ya zama dillali, wata rana ya sayi motar kansa. An ga waɗanda suka yi haka, kuma labarinsu ne ke jawo dubbai. Birnin ya sami asibiti da lakwal, kamar yadda Hausar can ke kiran makarantar boko, daga baya har jami'a a 2010. Ko a harshe an ga ribar zama a mararraba: ɗan kasuwar Maraɗi yana lissafi da dala da jikka ta sefa, ya juya ya yi da naira, ya ce duwan a nan, ya ce kwastan a can, bai ɗauki ko ɗaya baƙon abu ba.

Sai dai wanda ya jingina da ƙofar da makullinta ke hannun wani, ranar da aka rufe zai sani. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya ta kuma canza kuɗi, ba a buɗe ba sai a 1986. Rufewar ta haɗu da fari mai tsanani, hatsin da aka saba kawowa daga kudu ya yanke. Bahaushe yakan raɗa wa yunwa suna, kamar yadda ya kira ta 1914 Kakalaba. Ta 1984 mutanen Nijar suka sa mata El-Buhari. Ba safai ake samun tarihi ya taƙaitu cikin kalma ɗaya haka ba: sama ce ta hana ruwa, amma sunan wanda ya rufe hanya aka tuna. Bayan wannan sai faɗuwar darajar naira daga 1986, da rage darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994, kowanne ya juya akalar ciniki cikin dare ɗaya, ba tare da an shawarci ko mutum guda a Maraɗi ko Jibiya ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo. A matsalar abinci ta 2005, jihar Maraɗi, wadda ake kira cibiyar kasuwancin Nijar kuma ɗaya daga cikin rumbunanta, ita ce ta fi kowace yawan yara masu tamowa a cibiyoyin jinya. Hatsi yana nan a kasuwa, kuɗin sayensa ne babu, domin hanyar da ke kawo abinci ita ce kuma ke fitar da shi zuwa inda ya fi tsada. A watan Nuwamba na 2021 gobara ta tashi a wata makaranta a cikin birnin, ta kashe yara ƙanana fiye da 20 a azuzuwan zana da kara. An yi azuzuwan da kara ne saboda yara sun fi gine-gine saurin ƙaruwa.

Katsina bayan 1987

Katsina ta sami tata sabuwar hanya ranar 23 ga Satumba 1987, da aka yanke ta daga Jihar Kaduna aka mai da birnin hedkwatar jiha. Wannan hanya ba raƙumi ke bin ta ba, ba kuma jirgi ba. Kason kuɗin man fetur ne da ke zuwa daga asusun tarayya kowane wata. Ma'aikata suka dawo daga Kaduna, aka gina sakatariya da gidaje, 'yan kwangila da magina da masu sayar da abinci suka biyo baya. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Katsina ta haura mutum 318,000. An buɗe Jami'ar Al-Qalam a 2005, ta jiha mai sunan Umaru Musa 'Yar'aduwa ta biyo bayanta ba da daɗewa ba. Yarinyar da a ƙauye karatunta zai tsaya a firamare, a birni tana iya zama malamar asibiti ko lauya, kuma mace mai naƙuda tana da inda za a kai ta cikin dare. Duk mai kushe birni ya kamata ya fara auna waɗannan biyu tukuna.

Amma albashi ba ya haifar da masana'anta. Kamfanin mulmula ƙarfe da aka buɗe a Katsina a farkon shekarun 1980 misali ne mai kyau na larurar birnin tudu. An gina shi ne a kan cewa za a riƙa kawo masa ɗanyen ƙarfe daga Aladja, can bakin teku, a bisa manyan motoci, tun da ba dogo. Da Aladja ta yi rauni, shi ma ya bi ta, har gwamnati ta sayar da shi. Ruwan sha ma haka. Madatsar Ajiwa an yi ta ne don ƙaramin birni. Ta Zoɓe kusa da Dutsin-ma an gama ta tun 1983, amma ba a ƙaddamar da aikin tace ruwanta da rarraba shi ba sai a 2021. A tsakanin nan 'yan ga-ruwa da kurarsu ta jarkoki su ne famfon unguwanni da yawa, kuma talaka da ke sayen ruwa jarka-jarka ya fi mai rijiyar burtsatse biyan tsada a kan kowace lita. Gonakin da ke kewaye da birnin, har zuwa cikin ƙasar Batagarawa, sun zama fulotai. Manomin da ya sayar ya riƙe kuɗin da bai taɓa gani ba, bayan shekara kaɗan ɗansa yana haya a kan ƙasar da kakansa ya nome. Ganuwar da Barth ya auna kuwa, yawancinta an cinye ta da gini da ɗibar ƙasa, sai ƙofofi irin su Ƙofar Kaura da Ƙofar Guga da Ƙofar Sauri, suna tsaye a tsakiyar titi ba abin da suke rufewa.

Ita kanta Jibiya ƙaramin birnin tudu ce mai tasowa, kuma ta ɗanɗani irin abin da Maraɗi ta gani a 1945. A watan Yuli na 2018 ruwan dare ɗaya ya kashe mutum fiye da 40 a garin, ya rushe ɗaruruwan gidaje, yawancinsu na kusa da magudanar ruwa. Kogin Gada da ke wucewa ta nan shi ne ke zama Gulbin Maraɗi idan ya tsallaka iyaka, kuma yana cikin ruwayen da ƙasashen biyu suka yi yarjejeniyar raba amfaninsu a Maiduguri a 1990. Ruwa ɗaya, hanya ɗaya, harshe ɗaya, hukuma biyu.

Shekarun baya-bayan nan sun dawo da abubuwa biyu da aka zaci sun wuce. Na farko rufe hanya. Daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 Nijeriya ta sake rufe iyakokinta na ƙasa, har aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, abin da ya sa mutumin Jibiya ya riƙa sayen man ƙasarsa da tsadar da ta fi ta Katsina nesa ba kusa ba. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka kuma rufewa bisa takunkumin ECOWAS, aka yanke wutar lantarkin da Nijeriya ke bai wa Nijar, wadda wani layinta daga Katsina yake tashi ya ciyar da Maraɗi da Damagaram. Motoci suka yi layi a Magama har kaya suka lalace, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. Na biyu shi ne cikar tsoro. 'Yan bindigar da suka yi sansani a dazuzzukan Rugu da na iyakar Zamfara sun tashi ƙauyuka da dama a ƙasashen Jibiya da Batsari da Safana. Waɗansu mutanen suka shige garin Jibiya suka sauka a makarantu da kangaye, waɗansu suka wuce Katsina, dubbai daga Katsina da Zamfara da Sakkwato kuma suka tsallaka jihar Maraɗi tun daga 2019. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama har da Jibiya, aka kuma rufe waɗansu kasuwanni, don a toshe wa 'yan bindiga hanya, sai dai ita ce kuma hanyar abincin talaka. Wanda ya karanta labarin wannan yanki na ƙarni na 19 ba zai rasa gane fuskar abin ba. Bambancin shi ne a wancan zamani mai gudun hijira yana samun ganuwa da fili a cikinta da zai shuka gero. Na yau sai ɗakin haya, ko barandar shagon wani, kuma gonar da ya baro ita ce dā take sauƙaƙa wa ɗan birnin farashin mudu.

Ana cikin haka ne dogon da ya kauce wa Katsina a 1911 ya nufo ta. A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin layin jirgin ƙasa mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal aikin a kan kuɗi kusan dala biliyan 2. Masu goyon bayansa suna cewa zai mai da kayan Nijar zuwa tashar Legas maimakon Kwatano, watau ya warware abin da Faransawa suka ƙulla a 1953. Mai yiwuwa ne. Amma dogo yana kai kaya, yana kuma kwasowa, kuma ba a san ko Katsina za ta zama masauki kamar zamanin ayari ba, ko kuwa tashar da jirgi zai tsaya minti goma ya wuce Kano. Masu fito da direbobi da 'yan dako na Magama da Mazanya, waɗanda abincinsu ya dogara ga tsayawar mota a shinge, su ma suna da nasu lissafin game da jirgin da ba ya bukatar wanda ya san burtali. A watan Janairu na 2025, ana tsakiyar aikin shimfiɗa layin, ficewar Nijar daga ECOWAS ta tabbata.